Zauren da Ya Zama Shago

Wanda yake son ya san abin da ya sami unguwa a cikin garin Bauchi, ya ƙidaya ƙofofi. A layin da na tashi, can cikin ganuwa, kowane gida ƙofa ɗaya gare shi, ita ce ta zaure. Ta nan mai gida yake fita masallaci, ta nan amarya take shiga, ta nan ake fito da gawa. Kwanan baya na bi layin a ƙafa, daga bakin kwalta har inda ya kurɗa lungu, sai na tarar gidan da na sani da ƙofa ɗaya yanzu biyar gare shi. Huɗu na ƙarfe ne masu kwaɗo bibbiyu, suna kallon titi: mai POS, mai cajin waya, mai kayan masarufi, da wani tela. Ta biyar wata 'yar siririya ce a gefe, sai ka karkata kafaɗa kafin ka shige da buhun masara. Ita ce ta mutanen gidan.

Ƙorafi uku ake yi a kan wannan, kowanne a majalisarsa. Dattawa na cewa shaguna sun yi yawa, ko'ina ya koma kasuwa. Masu son tsafta na cewa bango ya lalace da fastoci da rubuce-rubuce. Matasan magidanta kuwa haya ce ta hana su barci. Ni a ganina ƙorafi ɗaya ne ya rabu uku. Fuskar gida, wato bangon da ke kallon titi da ɗakin da ke bayansa, ta yi kuɗi. A da nan ne mai gida yake nuna mutuncinsa ya kuma karɓi jama'a, yau kuma ita ce sashen gidan da ya fi kowane kawo riba. Sauran duk daga nan suka biyo.

Tsohon gidan Bahaushe a jere yake: zaure a bakin hanya, sai 'yar farfajiya inda samarin gida ke kwana, sai shigifa, sannan cikin gida inda baƙo namiji ba ya takawa. A zaure ake sallama, a nan ake sauke wanda dare ya yi wa, a nan malam ke zama da almajiransa, a nan ake raba goron ɗaurin aure, a nan ake zaman makoki. Amma kada mu yi masa kwalliyar da ba tasa ba, domin tun asali akwai nema a cikinsa. Tela da kekensa, baduku da fatunsa, mai ɗinkin hula, dillalin riguna, duk a zaure suke sana'a. Mata ma daga cikin gida suke kasuwanci, masa da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa, yara su fita da talla. Ciniki a ƙofar gida ba baƙon abu ba ne a Bauchi. Abin da ya canza shi ne wanda ke cikin ɗakin. Da mai gidan ne da kansa ko ɗansa, in baƙo ya yi sallama a ture keke gefe a shimfiɗa masa tabarma. Yanzu ɗan haya ne da ya biya kuɗin shekara ya sa kwaɗonsa, kuma ƙofar da ta haɗa ɗakin da cikin gida an toshe ta da bulo.

Ruwa ba ya tsami banza. Garin da Malam Yakubu ya kafa a 1809, aka zagaye shi da ganuwa mai ƙofofi tara, daidai da mutanen zamaninsa aka yi shi, har da filin noma a cikin ganuwar. Jirgin ƙasa ya iso a 1961. A 1976 garin ya zama babban birnin jiha, ma'aikata suka kwararo daga ko'ina. Kwalejin fasaha ta tarayya ta zauna a Gwallameji, jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Yalwa, ɗalibai suka mayar da ƙauyukan gefensu garuruwan haya. Sannan ga waɗanda tashin hankali ya koro, na Jos tun daga rikicin 2001, na Borno da Yobe a shekarun da Boko Haram ta fi zafi. Da yawansu cikin gari suka shigo wurin dangi da abokan kasuwanci, wasu ma da jarinsu. Kowane ayari da ya sauka abu biyu yake nema, wurin kwana da wurin kasa kaya.

Sai kwalta. Duk wanda ya zauna a cikin gari ya san cewa ranar da aka ga masu awo da sandunansu a layi, kafin katafila ta iso dillalai sun riga ta. Layin da jiya sai mai kura ke bi, yau Keke Napep na shiga, ana tsayawa, ana sauka, kuma inda ƙafa ke tsayawa nan kasuwa ke kafuwa. Ayyukan tituna na cikin gari, har zuwa aikin gadojin sama na Wunti da na wajen Babbar Kasuwa a zamanin Gwamna Bala Muhammad, sun motsa masu ƙananan sana'o'i daga inda suka saba. Mai rumfar da faɗaɗa titi ya tasa ba ya barin sana'a, lungu na gaba yake shiga ya nemi zauren haya. Gida biyu masu girma ɗaya, wannan a bakin kwalta wancan a bayansa da taku ashirin, kuɗinsu ko kusa ba ya haɗuwa.

Abin da ya fi waɗannan ƙarfi shi ne lissafin aljihu. An mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 30,000 a 2019, aka ɗaga shi zuwa 70,000 a 2024. A tsakanin nan aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur da ake saya ƙasa da Naira 200 ta kai 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙididdigar gwamnati. Dattijon da ya yi ritaya yana jiran fansho, ga mata biyu ga yara a makaranta, in ya duba dukiyarsa kaf ba ya ganin abin da zai juya ya zama kuɗi sai wannan ɗaki na gaba. Kuma shago ya fi ɗakin kwana daɗin bayarwa haya. Ba ya bukatar banɗaki, ba ya bukatar madafa ko rijiya. Mai shi da dare zai kulle ya tafi, babu matarsa da za ta yi faɗa da matan gida a kan igiyar shanya. Kuɗin shekara a dunƙule ake karɓa, ranar da suka zo a sayi buhun masara a biya kuɗin makaranta.

Na taɓa yi wa wani kawuna magana ranar da ya kira mai walda ya auna masa zaure. Na rusuna na ce, "Kawu, yanzu in an yi baƙi ina za a sauke su?" Ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, baƙon da za ka saukar ba ka da abin ba shi, gara ya same ka a masallaci." Na yi shiru. Zauren ya zama kemis.

Abin da ake sayarwa a shagunan nan kuwa, in ka bi shi a hankali, tarihin wahalhalun ƙasar ne a jere. Duk matsalar da ta daɗe sai ta haifi shago. Da wayar salula ta shigo a 2001, lema da tebur muka fara gani a bakin titi, ana biya a kira na minti guda. Da kowa ya mallaki tasa, wannan sana'a ta mutu, rashin wuta ya haifi ta caji, jerin soket a jikin katako da ɗan janareta yana kuka a waje. Da fetur ya fi ƙarfin janaretan sai faifan sola ya hau rufin, masu sayar da batir da fitilar sola suka buɗe nasu, kuma duk wanda ya ga yadda aka yi cincirindo a shagunan caji a Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka haura mako babu wuta, ya san wannan sana'a ba ta kusa da mutuwa. Rashin ruwan famfo ya haifi ruwan leda da 'yan ga-ruwa. Layin asibiti ya haifi kemis a kowace kusurwa. Tsadar kalanzir ta haifi mai gas da mai gawayi. Tsadar komai da komai ta mayar da ciniki ƙulli-ƙulli: man gyaɗa a leda, sukari a leda, garin sabulu a leda, daidai kuɗin hannun mai hannu-baka-hannu-ƙwarya.

Na POS shi ne ya fi saurin yaɗuwa a idona. A Oktoban 2022 Babban Banki ya sanar da sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, farkon 2023 kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a, aka wayi gari ana sayen Naira da Naira. Wahalar ta wuce, ɗabi'ar ta zauna. Yau mai shayi da mai nama da mai masa duk suna karɓar tiransifa, kuma akwatin katako mai faɗin ƙofa ya isa zama banki a lungu.

Kada yawan shaguna ya ruɗi mutum ya ɗauka arziki ne ya sauka. Shago biyar a layi ɗaya, kaya iri ɗaya, masu saye su ne dai mutanen jiya. Kowa ya ga na kusa da shi ya samu sai ya buɗe irin nasa. Abin da ke riƙe mai shagon unguwa littafin bashi ne, domin shi kaɗai zai ba matar gida taliya da magi zuwa ƙarshen wata, abin da babban kanti ba zai taɓa yi ba. Wannan littafi kuma shi ke kashe shi. Ya sayar da katan, rabi bashi, ya je kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal sari ya tarar kuɗin katan ɗin jiya ba sa sayen na yau. Shekara ɗaya ko biyu kanta ta yi fayau, ya mayar da mabuɗi, wani mai ɗan kuɗin sallama ko na gado ya karɓa. Masu cin ribar da ba ta yankewa su ne mai gida, da dillalin da ke karɓar la'ada a kowane sauyin hannu, da mai walda, da mai fenti.

Mai fenti ya kawo mu ga bango. Ƙasar Bauchi ba baƙuwar zane ba ce. Akwai Dutsen Zane a Geji, cikin yankin Toro, inda mutanen da can can suka bar hotunan dabbobi da mutane a jikin dutse. Akwai gidan Madaki a Kafin Madaki, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin da ya gina masallacin Juma'a na Zariya, kuma tun kafin samun 'yancin kai aka sa gidan a cikin kayan tarihi na ƙasa. A gidajen masu hali na cikin gari, bango da tubali ake ɗora shi, a yaɓe, a shafe da makuba ta kwasfar ɗorawa don ruwa ya zame. Tun yaɓen yana ɗanye magini ke fitar da zane da hannunsa a kewayen ƙofar zaure, dagi da sauran kanannaɗe-kanannaɗe, ga zankwaye a sama, ga indararo yana zubar da ruwan rufi nesa da gindin gini. A biranen Hausa har keke da mota da agogo sun shiga irin wannan zane da zamani ya kawo su. Ko mene ne aka zana, labarin mai gidan yake bayarwa: sarautarsa, sana'arsa, ƙarfin aljihunsa. Kuma aiki ne mai neman kulawa, bayan kowace damina sai an duba an gyara.

Bulo da siminti da kwano suka kawar da wannan, ba don mutane sun tsani kyau ba, sai don sun gaji da yaɓe duk shekara da fargabar ruftawar soro a watan Agusta. Azara ma ta yi wuya, giginya ba ta girma da sauri. Bangon siminti shafaffe ne, fili ne mai jiran rubutu, sai zamanin masu burushi ya zo. Ina tuna su da gwangwanayen fentinsu a bayan keke. Su ne suka zana mana kawunan aski iri-iri a jikin shagon mai aski, da keken ɗinki, da kan saniya a rumfar mai nama, da giwar Wikki Tourists, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Bauchi, daga baya kuma tambarin Arsenal da na Chelsea a gidan kallon ƙwallo. Wani lokaci hancin ya karkace, wani lokaci harafi ya faɗi daga kalmar Turanci, amma kana gani ka san hannun wane ne. Injin buga leda ya tashe su. Yau yaro zai zauna gaban kwamfuta ya ciro hoto daga intanet, cikin awa guda a buga a liƙa. Ya fi araha, ya fi sauri, ya fi sheƙi a makon farko. Sai dai fuskar da ke jikin shagon aski a Jahun ita ce a Fadaman Mada, ita ce a Kano, wani ɗan Amurka ne da ba wanda ya san shi, kuma rana biyu ta bazara sun isa su mayar da ledar fara fat, ta yage tana kaɗawa. A nan kam ina cikin masu jin an yi hasara.

Wani bangon ma mai gida bai san ranar da ya fita daga hannunsa ba. Kamfanin waya ko na kayan miya zai shafe wa mai shago fuskar shagonsa da launinsa kyauta, gida guda ya wayi gari rabi rawaya rabi ja. Da dare masu liƙi su bi: mai maganin basir da lambarsa, mai haƙa bohol, mai kwashe masai, makarantar kuɗi mai neman ɗalibai, sanarwar wa'azi, sanarwar maulidi. 'Yan takara kuwa hawa-hawa suke, in ka ɓare fastar 2023 ka tarar da ta 2019 a ƙarƙashi, wani lokaci mutum ɗaya ne, jam'iyya ce ta canza. Mai gida nasa rubutun bai wuce na tsaro ba: "Ba a fitsari a nan", in abin ya ishe shi ya ƙara da "Allah ya isa". Ga allin ma'aikatan rigakafin shan inna a jikin ƙyaure, lambobi da kibiya da su kaɗai ke karantawa. Ga jan fentin hukumar tsara gari, wanda in ya bayyana a bangon mutum barcinsa ya ƙare. Rubutun da ya fi kowane yawa a 'yan shekarun nan kuwa lamba goma ce ta asusun banki, da sunan Moniepoint ko OPay a ƙarƙashinta.

Adon bai mutu ba, wuri ya canza. Ya koma jikin ƙofar get inda mai walda ke murɗa ƙarfe ya fitar da fure, ya koma silin na falo, ya koma bayan Keke Napep da manyan motoci inda har yanzu ake rubuta habaici da addu'a da hannu. Dagi ma yana nan, amma ya zama tambari na siminti a jikin gine-ginen hukuma da ƙofofin gari da aka sake ginawa, alhali ganuwar da ƙofofin ke tsaro yawancinta gidaje sun cinye.

Akwai rubutu guda da nake son a tsaya a kansa, wanda ake yi da manyan baƙaƙe, galibi da Turanci, cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne. Ba a rubuta shi a gidan da ke zaune lafiya. Duk inda ka gan shi, ko dai wani macuci ya taɓa kai masu saye, ko kuma, wanda ya fi yawa, mai gidan ya rasu kuma kan magada ya rabu. A manyan biranen Turai ana yawan maganar masu kuɗi baƙi da ke shigowa tsohuwar unguwa su tsadar da ita har 'yan asali su tashi. A cikin garin Bauchi mai tasar mutum daga gidan ubansa sau da yawa ɗan'uwansa ne, kuma da gaskiyarsa, domin haƙƙinsa yake nema.

Mu yi lissafi na misali. A ce mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi, babu bashi babu wasiyya, ya bar mata biyu, 'ya'ya maza biyar, mata shida, da gida ɗaya a bakin kwalta. A ce an yi wa gidan kuɗi Naira miliyan 16. Matan biyu su raba tumuni, miliyan biyu, kowacce ɗaya. Ragowar miliyan 14 a kasa ta kashi 16, tunda namiji rabon mata biyu yake ɗauka. Kowace 'ya ta tashi da 875,000, kowane ɗa da 1,750,000. A farkon 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wurare da dama, ke nan rabon 'ya mace bai kai buhu 90 ba, babu fili, babu rodi, babu kwano, babu kuɗin birkila. Gidan da ya ɗauki mutum talatin ya narke ya zama kuɗin da ba zai gina wa ko ɗaya daga cikinsu irinsa ba.

A da ana kauce wa wannan ta hanyar ƙin rabawa. Babban wa ya zauna a turakar uba, ƙanne su yi ta ƙara ɗaki a tsakar gida, 'yan'uwa mata su bar rabonsu don su sami inda za su dawo in aure ya yi tsami. Abin yana yiwuwa ne saboda gidan ba shi da wani kuɗi na a zo a gani. Ranar da shaguna huɗu suka fito a fuskarsa, tambaya ta taso: wa ke karɓar hayar? 'Yar'uwar da ke aure a Azare, wadda shekara ashirin ba ta ce uffan ba, yanzu tana da dalilin magana, kuma ban ga laifinta ba, don sau da yawa zaman lafiyar da ake yabo a tsohon tsari a kan haƙƙin mata aka gina shi. Daga nan sai gaban alƙali, sai masu kimantawa, sai dillali.

Wanda ke saye ba lallai yana neman wurin zama ba. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, duk mai kuɗi a ajiye ya ga suna narkewa a hannunsa. Gini ya zama asusu. Ɗan kasuwa ko babban ma'aikaci ko ɗan siyasa zai sayi tsohon gida, ya rushe, ya cike filin kaf daga iyaka zuwa iyaka: shaguna a ƙasa, ciki da falo a sama. Hayar da zai sa kuwa da farashin siminti na yau zai auna ta, shi ya sa ɗan unguwar da aka haifa a nan, in ya tashi aure, ba ya iya kama ɗaki a layinsu.

Magadan sai su nufi bakin gari, wajajen Tirwun, Inkil, Miri, Wuntin Dada, inda ake yanka gona a sayar. Filin awon igiya, shaidarsa takardar ciniki da sa hannun mai unguwa. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna, shi ke ba da takardar shaidar mallaka, kuma in hukuma ta karɓi wuri don aikin jama'a, abin da aka gina ko aka shuka a kai ake biya wa diyya. Talaka ya san haka ko bai karanta ba, shi ya sa da ya sayi fili yake gaggawar dasa harsashi ko da ɗaki ɗaya ne. Unguwa ta tashi babu titi, babu magudana, babu filin makaranta, sai bayan shekaru gwamnati ta zo da kwalta da jan fenti, zagayen ya sake farawa. Gidaje 2,500 da gwamnatin jiha ta ɗauko ginawa, mafi yawansu a Dungal kan hanyar Jos, za su rage wani abu, amma mai sayar da goro a Wunti da zai biya kuɗin mota zuwa da dawowa kullum ba shi aka yi wa su ba.

Abin da ke ɓacewa a tsakani shi ne duk abin da ba na kowa ba. Mai shago ya ƙara rumfar kwano taku biyu a kan hanya, na kusa da shi ya ƙara uku, aka rufe kwata da siminti don a sami wurin ajiye firiza, ruwan sama na farko ya rasa hanya ya shiga ɗakunan gidan da ke gangare. Dogonyaron ƙofar gida an sare shi don yana tare allon shago. Ɗakin bulo mai rufin kwano a watan Afrilu tanda ne, abin da soron ƙasa bai taɓa zama ba. Tagar bene tana leƙa tsakar gidan maƙwabci, matan da suka saba shan iska a fili sun koma saka hijabi don zuwa madafa. Dakali ya tafi tare da zaure. In an yi rasuwa ko ɗaurin aure sai a hayo rumfa da kujerun roba a tare titi, masu Keke Napep su yi ta juyawa suna ƙunƙuni. Mai unguwa da a da ya san kowane baƙo ta bakin mai masaukinsa, yanzu sai dai ya tambayi dillali.

Ba duka ne hasara ba, in za a faɗi gaskiya. Layin da ke duhu da magariba yanzu fitilun sola na shaguna sun haska shi har sha ɗayan dare, yarinyar da aka aika ba ta tsoron kusurwa. Magani da kuɗi da cefane suna taku goma daga ƙofa. Matar da mijinta ya rasu ya bar mata ɗaki a bakin titi tana ci daga hayarsa ba tare da ta roƙi kowa ba. Wasu matan ma sun tsallake shago gaba ɗaya, atamfa da turare da kayan kicin a WhatsApp suke tallarsu, yaro mai babur ya kai, tallar da a da 'yar shekara tara ke ɗauka a ka.

Kawuna yana nan. Kullum da hantsi mai kemis ɗin, yaro ne mai ladabi, yakan fito masa da benci ya ajiye a gefen ƙofar, a ƙarƙashin ledar da ke ɗauke da hoton wata likita Baturiya da rana ta cinye rabin fuskarta. Nan abokansa biyu da suka rage ke samunsa. In hadari ya taso yaron ya ce, "Baba, ku shigo daga ciki mana," sai su shiga su zauna a kan katan-katan na ruwan magani, a daidai inda buzun mahaifin kawu yake a da. Watan jiya yaron ya kawo magana, wai in za a ba shi ɗakin da ke bayan shagon ya fasa bango ya haɗe, zai ninka kuɗin haya. Ɗakin shigifa ce. Kawu ya ce a bar shi zuwa bayan Sallah ya yi shawara.